Filin Makanikai: Giyabos Ɗin Injin Kwashe Dusar Ƙanƙara

A wannan watan hirarmu ta haura teku, domin ba zangon da ba shi da ɗa ko ƙane a Amurka ko Kanada, kuma wasu daga cikinsu aikin gadin gidaje da share harabobi suke yi. In sanyi ya shiga, abincinsu yana rataye ne a kan ƙaramar tarakta da injin kwashe dusar ƙanƙara da ake ɗaura mata a gaba. Ranar da injin ya tsaya, aiki ya tsaya, abin da ake aikowa gida ma ya tsaya. Don haka in kun karanta, ku isar musu.

Wani mutumin Kanada mai suna Arthur Sicard ne ya ƙera irin wannan inji a 1925, kuma a 1927 garin Outremont da ke gefen Montreal ya sayi na farko. Aikinsa ba wasa ba ne, don a watan Nuwamba na 2014 dusar da ta zuba a wasu garuruwan yankin Buffalo ta kai kusan ƙafa bakwai.

Ga yadda yake aiki. Ƙarfi yana fitowa daga injin tarakta ta hanyar bel ko sandar ƙarfe, ya shiga giyabos da ke tsakiyar bakin injin. A yawancinsu akwai ƙarfe mai zare kamar na sukur yana juya wata giya ta tagulla. Nan ake rage gudu a ƙara ƙarfi, a juya wuƙaƙen da ke tattaro dusa, farfela kuma ta cilla ta gefe. Haƙoran nan goga juna suke yi, shi ya sa in mai ya ƙare tagullar take cinyewa nan da nan.

Saboda haka, kafin sanyi ya shiga a ajiye injin a wuri mai daidai, a goge bakin murfin, a kwance shi. A yawancin masu amfani da mai, ana zubawa har ya kawo bakin ramin da ke gefe. Kada a cika ya wuce haka, don in ya yi zafi zai ture robar da ke tare shi ya fara yoyo. Wasu injunan man giya suke sha, kamar mai lamba 80W-90, wasu kuwa giris mai ruwa-ruwa mai lamba 00. Littafin injin shi ne alƙali. Giris mai kauri ba ya yi, domin giya za ta haƙa rami a cikinsa ta ci gaba da juyawa a bushe. Haka kuma a nemi man da aka rubuta ba ya cin tagulla, don wasu mayukan GL-5 suna da sinadarin farar wuta da ke ɓata ta in zafi ya yi yawa.

Ku dubi man da kyau. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a zubar a canja robar. In yana ƙyalli kamar zinariya, giyar ce take cinyewa.

Sai maganar da ta fi damunmu. Akwai ƙusa ta musamman da ke riƙe wuƙaƙen a jikin sanda, an yi ta ne don ta karye in an daki dutse ko ƙanƙara mai tauri, giyabos ya tsira. Mun san halinmu na makanikai, daga Suame har Nima: in ta karye sai a ɗauko noti mai ƙarfi a ɗaura. Araha ba ta ado. Karo na gaba giyar ce za ta fashe. Kuma a riƙa cire ƙusar ana matsa giris tsakanin sandar da wuƙaƙen, don in tsatsa ta haɗe su ƙusar ba ta da sauran amfani.

In injin ya toshe, a kashe shi, a zare mabuɗi, a jira komai ya tsaya, sannan a tsokale da sanda. Kada a sa hannu ko da an kashe, domin farfela takan yi wuf ta juya da zarar ta kuɓuta. Yatsa ba shi da safaya.

Mu ma nan gida darasin ya shafe mu. Injunan huɗa na masu noman shinkafa a Asutsuare da Tono giyabos gare su, kuma ruwan fadama yana shigarsu yadda ruwan dusa ke shigar wancan. Mai duba mai kafin shiga gona shi ke gama huɗa a kan lokaci.

Allah ya tsare 'yan'uwanmu da ke nesa, ya sa albarka a neman da suke yi. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.