Kallabinki naki ne, tiya ta kowa ce



A makon jiya, cikin wani shirin kiran salula da nake gabatarwa, wani alhaji mai shagon atamfa ya bugo yana neman shawara. Yana da yaron shago shekara huɗu ke nan, yaro mai amana wanda bai taɓa ɗaukar masa ko dala ba. Matsalar ita ce da an buɗe shago sai yaron ya kunna wa'azin malaminsa da ƙarfi, irin wa'azin nan da ake ambaton wasu Musulmi ana cewa sun ɓata, har wasu hajiyoyi masu ɗaukar turmi goma-goma suka daina takowa. Da alhaji ya yi magana sai yaron ya ce addininsa ne, babu mai raba shi da shi. Ba a rufe shirin ba sai ga wata yarinya mai aiki a gishen aika kuɗi, ita kuma maigidanta ne ya ce ta ajiye dogon hijabinta, ta riƙa sa ƴar rigar kamfani da ɗan kallabi, wai domin ta yi kama da ma'aikaciya.

Su biyun nan magana ɗaya suka yi, wato haka nake, a bar ni yadda nake. Amma a ganinmu yarinyar tana da gaskiya, yaron kuwa ba shi da ita, kuma ya kamata duk mai ɗaukar ɗan wani aiki, ko da mai tebur ne, ya san inda bambancin yake.

Hijabin yarinyar nan a jikinta ya tsaya. Wanda ya zo aika kuɗi bai rasa komi ba saboda shi, lissafi bai canza ba, layi bai ƙara tsawo ba. Haka rawanin Buzu, haka gemun ustazu, haka zanen Gobir a kumatu, haka gicciyen da wata Kirista ta rataya a wuya. Waɗannan duka mutum ne da kansa, da su ya fito daga gida, da su zai koma. Wa'azin yaron kuwa ya fita daga jikinsa ya shiga kunnen mai saye, a cikin shagon da ba nasa ba, a lokacin da ake biyansa domin ya jawo ciniki. Hajiyar da ta zo zaɓen atamfa ta tarar ana zagin shehinta ta lasifika, wa zai ce mata ta dawo? Maigida yana da hurumi a kan abin da shagonsa ke faɗa wa jama'a. Ba shi da hurumi a kan asalin yaronsa ko ibadarsa.

Wannan tunani na cewa ma'aikacin kirki shi ne wanda ba a gane addininsa ko asalinsa a jikinsa, ba a nan aka haife shi ba. A Faransa ma'aikacin gwamnati ba ya sa wata alama ta addini a bakin aiki, a shekarar 2004 suka yi dokar hana ɗalibai sa irin waɗannan alamomi a makarantun gwamnati, a 2023 kuma suka ƙara da abaya. Su da tarihinsu na rigima da coci, su suka san abin da suke tsoro. Amma ko a Turai ɗin, a shekarar 2017 da kotun Tarayyar Turai ta yarda kamfani ya kafa doka ta bai ɗaya a kan alamomin siyasa da na addini, a rana guda ta yanke cewa don kawai wani abokin ciniki ya ce ba ya son mai kallabi ta yi masa aiki, wannan bai isa hujjar korar ta ba. Wasu shugabannin kamfanoni namu da suka yi karatu can rabin maganar suka kwaso.

Maƙwabtanmu na Najeriya kuwa sun bi wata hanya dabam. A watan Disamba na 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da sabbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabi, aka yi ta cece-kuce, a 2018 aka rantsar da ita da hijabinta ƙarƙashin hular lauyoyi. A 2022 rundunar ƴan sandan ƙasar ta ba mata izinin sa kallabi ƙarƙashin hular aiki. Ba mu ji an ce shari'a ta lalace ko aikin ɗan sanda ya tsaya saboda haka ba. A nan gida ma dokar ƙwadago ta shekarar 2012 ta hana mai ɗaukar aiki ya nuna bambanci saboda addini ko asali ko ra'ayin siyasa, saboda haka yarinyar gishe tana da inda za ta kai kuka, wato ofishin sufeton ƙwadago.

Ni kaina na ɗanɗana irin wannan. Lokacin da na fara aikin rediyo wani babba ya kira ni gefe ya ce in gyara bakina, in daina cewa hwara da hura, in riƙa Hausar Kano irin ta manyan gidajen rediyon waje, domin ita ce ta aiki. Na yi wata uku ina murɗa harshe, har wata gwaggota ta aiko a tambaye ni ko mura nake. Daga baya na koma bakin da aka haife ni da shi, kuma babu mai saurare ko ɗaya da ya kashe rediyonsa. Abin da aikin ya hana ni da gaske wani abu ne dabam. A zaɓen 2020 da 2021 ina da wanda na jefa wa ƙuri'a kamar kowa, amma ranar da mai saurare ya gane shi a muryata, ranar na ci amanar makirufo.

Ƴan kasuwa sun san wannan fiye da mu ƴan jarida. Ku tuna lokutan kamfe, yadda rumfuna ke cika da tutoci, wannan ruwan hoda, wancan kore, wata mai kayan miya ta ɗaura zanen jam'iyya mai hoton ɗan takara tun daga ƙirji har ƙafa. Kowa ya san wadda maƙwabciyarta ta shekara ashirin ta daina sayen tumatir wurinta saboda zane, zanen da a kyauta aka raba shi. An gama zaɓe, wanda ya ci ya tafi Yamai, ita kuma ta zauna da tumatir yana ruɓewa. Yau babu jam'iyyu, an rusa su tun watan Maris na 2025, amma halin bai tafi tare da su ba, ya dai canza riga. Yanzu a salula yake. Hajiya tana tallar lesuka da turaren wuta a WhatsApp, tsakanin hoton leshi da hoton takalmi sai ga bidiyon zagin wata ƙabila ko wata ɗariƙa. Lambar da kike ciniki da ita rumfa ce, duk wanda ya ajiye ta yana leƙowa. In ke ce mai dukiyar, asarar taki ce, ke kika zaɓa. In kuwa yarinyarki ce ke riƙe da salular shago, kina da ikon ki ce mata a'a.

Kada a ɗauka muna cewa a ɓoye asali a kasuwa. Kasuwarmu da asali take tafiya. Bagobiri ya iso rumfar Bazabarme a Katako, kafin a taya kaya sai an yi wasan bawa da ubangida, a yi dariya, a rage masa dala ashirin. Bafulatana mai nono ta ratsa Kasuwar Dole, Babarbare ya tsokane ta, ta rama, ya saya. Wannan wasa na taubasantaka har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a shekarar 2014. Wanda ya ce kowa ya shafe alamarsa a zama kamar buhunan siminti, ya kashe wannan duka, bai kuma ƙara wa kowa adalci ba.

Domin kuwa inda rashin adalcin yake, ba a tufafi yake ba. Wa bai taɓa tsayawa layi a wani buro tun da hantsi domin takardar haihuwa ko biyan fatanti ba, ya ga wani ya shigo daga baya, an gaisa da shi da sunan kakansa, an sallame shi cikin minti biyar? Mutumin da ke bayan teburin nan sanye yake da kwat da wuyan riga a ɗaure, babu carbi babu rawani, in tufafi ne shaida to ya cika ma'aikaci. Masu boko har suna suka raɗa wa abin, PAC, wato dangi da abokai da sanayya. Wannan shi ne shigar da kai cikin aiki na gaske, shi ne ke cin talaka, kuma ba mu taɓa jin wani shugaban ma'aikata ya kira taro a kansa yadda ake kiran taro a kan tsawon hijabi ba. A kasuwa ma akwai irinsa. Mai awo da ke tula wa ƴar garinsu tiya har tana zuba, ta shafe wa baƙuwa baki da tafin hannu, ita ce ta kawo asalinta inda bai kamata ba, ko da wane irin kallabi ta ɗaura. Tiyar hatsi kilo biyu da rabi ce ko kusa da haka, ga ɗan Tawa da ɗan Difa duka.

Akwai wuraren da aikin kansa ke yanke hukunci, waɗannan ba gardama a kansu. Mai aiki kusa da belin injin niƙa ba ta sakin hijabi yana lilo, domin an sha ganin abin da beli ke yi. Mai tuya da mai sayar da abinci su ɗaure hannun riga. Inda ake miƙa kuɗi masu yawa ana duba katin shaida, dole a ga fuskar mai karɓa da mai bayarwa. In kamfani yana son a gane ma'aikatansa da launi, sai ya ɗinka hijabi mai launin da tambarinsa, tela ba zai ƙi ba, kuɗin kuma bai kai na allon talla ɗaya ba.

Abin da ya fi jawo rigimar shi ne ba a faɗin komi ranar ɗauka. Uba ya kawo yaro ya ce ga shi nan amana, a yi addu'a a watse, ba a yi maganar rediyon shago ba, ba a yi ta salula ba, ba a yi ta lokacin salla ba. Sai bayan shekara huɗu magana ta fito, ta fito kuma da zafi, yaro ya ji kamar addininsa ake taɓawa. Shugabannin ƴan kasuwa da sarakunan kasuwa suna iya sa wannan cikin al'ada, a faɗi sharuɗɗa gaban shaidu biyu tun ranar farko, kamar yadda ake faɗin kuɗin wata.

Alhaji mai atamfa mun ba shi shawara kada ya kori yaron, domin amanar shekara huɗu ba a tebur ake sayen ta ba. Ya kira uban yaron su zauna su uku, ya ce masa gemunsa da wandonsa da lokacin sallarsa babu mai taɓa su, ya saya masa abin sauraro na kunne in yana son wa'azinsa lokacin da babu kowa, amma lasifikar shago ta maigida ce. In ya ƙi wannan, to shi ya kori kansa. Ita kuma yarinyar gishe mun ce ta nemi maigidanta ya rubuta mata umarnin nasa a takarda ya sa hannu, kafin ta ɗauki wani mataki. Ta yi alkawarin za ta sake bugowa ta faɗa mana ko ya rubuta.