Tsohon fanon sola: shara ne ko haja?

Tun da Najeriya ta yanke ma Nijar wuta a watan Agusta 2023, fanon sola ya samu shiga daga birnin Tawa har Afala da ƙauyukan Adar. Wutar ta dawo a 2024, amma mai cajin salula da mai saida ruwan sanyi ba su sauke nasu ba. Kafin nan ma, tashar Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018.

To, fano ba ya dawwama. Mai kyau yakan yi shekara 25 zuwa 30. Hukumar IRENA ta ƙiyasta a 2016 cewa matattun fano za su iya kai tan miliyan 78 a duniya nan da 2050.

Mi ke cikinsa? Wajen kashi uku cikin huɗu gilashi ne, sai firam na alminiyom, da tagulla, da ɗan azurfa, da wani ma'adini mai suna silikon, wanda shi ke maida hasken rana wuta. A 2023 masana a jami'ar NTU ta Singafo sun nuna hanyar ciro silikon ɗin da asid mai zafi, suka sa shi cikin batirin litiyom, dangin na salula. Dalili kuwa, silikon yana riƙe litiyom kusan ninki goma bisa garafayit da aka saba sawa. A shekarar ce kuma kamfanin ROSI ya buɗe masana'antar ciro silikon da azurfa kusa da Gironobul a Faransa.

Sai dai ƴan uwa ƴan kasuwa, kada a ruɗe mu. Wannan aiki ne na manyan injuna, ba na bakin maƙera ba. Mai gwangwan da ya ɓalle firam ya fasa sauran, ya zubar da mafi tsada, ya bar ma yara gilashi da dalma a juji. Ƙona shi kuwa hayaƙin roba ne kawai za a shaƙa.

Abin da ya fi damuna shi ne fano na hannu da ake kawo mana da araha. Turai ta wajabta ma masu saida fano ɗaukar nauyin shararsa tun dokar 2012. Wanda ya tsufa ya ƙetaro nan, wannan nauyi ya dawo kanmu. Hajiya mai firiza, kafin ki biya, a gwada miki shi cikin rana da abin awo, a duba takardar da ke manne a bayansa. Wanda ya mutu kuma a jingine shi ɗungum a zaure. Ya kamata magajin garin Tawa da na Afala su ware fili guda na tara su.