Na nawa ya zo? Tambayar da ke cutar da yaranmu

Duk ƙarshen zango, da an raba karne a makarantun Madarumfa, tambaya guda ce ke yawo gida-gida: na nawa ya zo? Na ɗaya a saya masa takalmi, na 40 ya sha bulala. Na yi shekaru ina cika wannan takarda da hannuna, kuma ina gaya muku, iyaye, duk abin da ke cikinta babu marar amfani kamar wannan matsayin.

Matsayi yaro yake gwadawa da ƴan ajinsu kawai. Ko ajin da babu mai iya haɗa baƙi, dole a samu na ɗaya. A binciken PASEC na 2014, cikin yara 10 ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar, ko guda cikakke bai kai matakin da ake bukata a karatu ba. Amma duk ajujuwan nan suna da na ɗayansu, an kuma yi musu guɗa a gida.

Sai mwayen, wato matsakaicin maki. Firamare, daga CI zuwa CM2, bisa 10 muke ba da maki, 5 ce rabi. Kolej bisa 20 ne, rabi 10. Ƴan uwanmu na Jibiya kuwa bisa 100 suke yi. Ke nan 7 bisa 10, da 14 bisa 20, da 70 bisa 100, duk abu guda ne. Uban da ya saba ganin 9 a CM2, in ya sake ganin 9 a shekarar farko ta kolej sai ya ce yaro na nan yadda yake, alhali ya faɗo ƙasa da rabi. Wa ya taɓa zaunar da shi ya bayyana masa? Babu.

Mwayen kuma gwanar rufa asiri ce. A ce darasi biyar aka haɗa ba a fifita ko ɗaya ba: yarinya ta ci 9 a hadda, 8 a waƙa, 8 a zane, 3 a lissafi, 2 a karatu. Jimla 30, a raba biyar, 6. Ta wuce! Kowa ya yi murna, ita kuwa ba ta iya karanta sunan maganin da aka rubuta wa kakarta a likita ba. Hadda da waƙa sun goye ta zuwa aji na gaba, can ma su sake goyon ta. Ranar da za a zauna jarrabawar CFEPD, wadda aka maido a 2024 bayan kimanin shekara 10 ba a yi ta ba, ranar ce goyon zai kwance, a gaban takardar da ba mushenta ne ya shirya ba.

Ku kuma abokan aikina, malamai, da ku nake. Gurbin da aka bar mana mu faɗi ra'ayinmu, me muke zubawa a ciki? Kalma ɗaya ta Faransanci, passable ko médiocre, mu miƙa wa manomin da ba ya jin Faransanci ya dangwala yatsa. Sau da yawa yaron ne ma ke fassara wa ubansa, to wane yaro ne zai kai ƙarar kansa? Na san uzurin: aji ya cika maƙil, wani ajin na zana ne, lokaci babu. Gaskiya ne. Sai dai rubuta "ba ya bambance b da d" bai fi rubuta médiocre cin tawada ba. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, wa zai tuhume ka don ka rubuta wa uba layi guda da harshen da yake ji?

Iyaye, in karne ya zo, ku sa a nuna muku layi biyu kafin komai: karatu da lissafi, kowanne bisa nawa ne. In ɗayansu bai kai rabi ba, ku je wurin mushe ko da yaron na uku ya zo. Da dare ku buɗe masa shafin da bai haddace ba, ya karanta da ƙarfi. Ko ba ku yi lakwal ba, kunnenku zai ji inda yake tuntuɓe. Kwamitin CGDES da ƙungiyar iyaye mata ta AME kuma su nemi darakta ya sa ranar raba karne ta zama ranar taro, kowane malami ya tsaya a gaban allo ya karanta wa iyaye ma'aunin da Hausa.