Matakala Uku Tsakanin Baba da Kwanon Tuwo

Azahar ta riske mu a Anka ranar da muka dawo da mahaifinmu daga ganin likita a Gusau, ga sauran tafiya kafin mu isa gida Gummi. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, tun daga lokacin keken guragu ya zama ƙafarsa. Muka tsaya a wani ƙaramin gidan abinci na bakin titi. A gabansa akwai kwata da aka gitta wa katako ɗaya, sai matakala uku, sai ƙofar da ko buhun gero sai an karkata shi zai shige. Mai abincin ta leƙo da fara'a ta ce, "Baba, sannu da jiki. Bari a zuba maka a kawo mota." Baba ya dubi matakalar, ya dube mu, ya ce, "Ku je ku ci, ni na ƙoshi." Alhali tun karin kumallo bai sa komai a bakinsa ba.

Ban ga laifin zuciyar matar nan ba, ginin nake tuhuma, da al'adar da ta sa muke ganin irinsa daidai ne. Mutumin da ya ciyar da gida shekara arba'in, yau an mayar da shi wanda ake miƙa wa leda ta tagar mota, 'ya'yansa da jikokinsa suna ciki suna hira. Wannan wulaƙanci ne ko da an yi shi da murmushi.

Masu shaguna suna cewa ai masu keke ba sa zuwa. To ta ina za su zo? Matakalar ce ta kore su tun kafin a gan su. Yankinmu kuwa ba inda za a yi wannan magana ba ne. A 2010 gubar dalma ta wajen sarrafa zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ta bar wa lahani a ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Yau sun zama samari da 'yammata. An tabbatar da kawar da asalin cutar shan inna daga Nijeriya a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan tare da mu. Ga waɗanda harsashin 'yan bindiga ya taɓa wa laka, ga na hatsarin babur, ga waɗanda ciwon suga ya sa aka yanke wa ƙafa. Suna nan, a cikin ɗakuna, inda muka bar su.

Ana kuma cewa, "Ai za mu ɗauke shi." Wanda bai taɓa zama a keke ba ne yake ganin hakan taimako. Samari huɗu su ciccibi dattijo a gaban jama'a kamar kayan kasuwa, wannan ya kama marfin hannu, wancan ya kama matakin ƙafa, alhali waɗannan sassa suna iya zarewa. Faɗuwa guda ta isa ta karya ƙugun tsoho, ta kwantar da shi kwanciyar da ba zai tashi ba. Haka kuma jan kafaɗar da ta shanye yana iya gurɗa ta, ya bar ciwo na watanni.

Akwai cutarwar da ba a gani. Mai keke da ya san ba zai samu bandakin da zai shiga ba yakan ƙi shan ruwa tun daga gida, cikin zafin Zamfara, abin da ke buɗe ƙofa ga ciwon mafitsara da taurin ciki. Mai ciwon suga da ya sha magani ya tsallake abinci yana iya faɗuwa saboda sugansa ya yi ƙasa. Wanda kuma ya daina fita gaba ɗaya, zaman wuri ɗaya yana jawo masa gyambo a ɗuwawu, kaɗaici yana jawo masa ciwon damuwa.

Hujja ɗaya ce nake girmamawa: dole a ɗaga dakali saboda ruwa. Duk wanda ya ga ambaliyar Gummi ta 2024 ba zai yi musu ba. A ɗaga, amma a yi gangare a gefe. Ƙa'idar da magina suka sani ita ce, kowane santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Dakali mai santimita 30 yana buƙatar gangare mai mita 3.6. Idan fili ya yi kaɗan, a bi da shi jikin bango. Kada a goge simintin ya yi santsi, a ja masa layuka. A rufe kwata da murfi mai faɗi, a buɗe ƙofa ta kai santimita 90, a janye benci ɗaya daga tebur guda don keke ya shige. Wanda ke haya, kafinta ko mai walda zai yi masa na ɗaukewa.

Wannan ba alfarma ba ce. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Me zai hana ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum, masu karɓar kuɗin shiga daga waɗannan shaguna, su ce ba a buɗe sabon gidan abinci sai da gangare?

Mu iyalai ma muna da namu laifin, domin mu ne muke saurin karɓar ledar. Ku fita da majinyacinku. Idan matakala ɗaya ce ba makawa, ku tambaye shi yadda yake so a yi, ku karkata keken baya ya hau da manyan tayoyi, wajen sauka kuma a sauko da baya, a kama ƙarfen jikin keken kawai, a danna birki duk inda aka tsaya. Idan wurin ba ya shiguwa, ku faɗa wa mai shi dalili cikin ladabi, ku tafi da kuɗinku gaba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, hawan jini ba ya tambayar sana'a.

Ranar nan ba mu shiga ba. Muka sayi tuwon, muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro, muka kewaye keken Baba. Mutumin da ya ce ya ƙoshi, malmala biyu ya ci.