Ina Baƙo Zai Ajiye Motarsa A Birni?

Duk wanda ya taɓa tasowa da sassafe daga Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, da motarsa ko da motar shata, ya nufi Kano ko Sakkwato ko Kaduna, ya san cewa bayan gajiyar hanya akwai wata gajiyar da ke jiransa a cikin gari. Mutum ya iso da maras lafiya a kujerar baya, ko da jarin kantinsa a aljihu, sai ya tarar duk inda ya nufa zai tsaya an riga shi, inda kuwa ya ga fili ba kowa, to, akwai dalilin da ya sa 'yan gari suka guje shi. Ya yi ta kewaya kasuwa ko asibiti mai yana ƙonewa, har ya gaji ya raɓa motar a gefen titi, ya ce bari in shiga in fito yanzun nan. Sau da yawa fitowar nan ita ce mafarin baƙin ciki, gama ko ya tarar an sace iskar taya, ko an cire lamba, ko janwe ya ja motar, ko kuwa ɓarawo ya ɓalle madubi ya ɗauke batir.

Watakila wani ya ce wannan ƙaramar magana ce, ba ta kai a yi mata sharhi ba a lokacin da ƙasa ke fama da manyan matsaloli. A ganinmu magana ce babba, saboda dalilai biyu. Na farko shi ne kuɗi. Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda ya haɗa kuɗin zuwa da dawowa da ƙyar, har da rance da gudummawar dangi, ba shi da rarar biyan tara. Abin da za a karɓa a hannunsa kuɗin magani ne, ko kuɗin makarantar yaro.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, wato lokaci. Babu wanda ke bukatar a faɗa masa halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Daga Gusau zuwa Ƙaura da Shinkafi, daga Zurmi zuwa Jibiya, daga Tsafe zuwa Funtuwa, kowane direba mai hankali yana lissafin tafiyarsa da rana ne, don kada duhu ya same shi a daji. Mutumin birni in an ja motarsa ya yi asarar yini ɗaya, ya kwana a ɗakinsa. Mutuminmu kuwa in ya ɓata awa uku yana neman a sako masa mota, sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ya kwana a garin da bai shirya kwana ba, ko ya kama hanya da yamma ya sa ransa da na mutanensa cikin haɗari. Saboda haka inda aka ajiye mota da ƙarfe goma na safe yana iya zama sanadin abin da zai faru a hanya da ƙarfe bakwai na dare.

Kakanninmu sun san wannan matsala, sun kuma yi mata tsari. Fatake da suke shiga Kano da jakuna da raƙuma ba sa kutsawa da su tsakiyar Kasuwar Kurmi. Akwai zango, akwai fatoma mai saukar baƙi, wanda zai ba su masauki, ya kula da dabbobi da kaya, ya haɗa su da dillali, a ba shi ladansa. Fagge ma asalinta wurin saukar ayari ce a bayan ganuwa. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, bayan ya bi ta Funtuwa da Gusau daga Zariya, mutum ya shiga da gyaɗarsa ko audugarsa ya sauka a tasha ba ya tunanin inda zai ɗaure komai. Da harkar jirgi ta ja baya, tafiya ta koma kan titi, motoci suka yi yawa, amma birane ba su tanadi sabon zango da zai ɗauke su ba. Aka gina shaguna a filayen da da can ake tsayawa, aka bar titi ya ɗauki mai tafiya da mai tsayawa da mai talla baki ɗaya.

Haka kuma dokokin birane sun canza, da yawa daga cikinmu kuwa ba su da labari. Ban da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa da aka kafa a 1988, jihohi sun kafa nasu ma'aikatan hanya. Kano ta kafa KAROTA a 2012, Kaduna tana da KASTLEA, mu ma a Zamfara muna da ZAROTA. Tsayawa a kan gada, ko a bakin shataletale, ko a inda aka haramta, laifi ne da ake cin tara a kansa. Ga kuma sha'anin tsaro. Bayan bam ɗin da aka tayar da mota a Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da wanda ya tashi a tashar motoci ta Sabon Gari a Kano a watan Maris na 2013, wuraren ibada da ofisoshi da bankuna da yawa suka hana ajiye mota kusa da gininsu. Waɗannan matakai suna da dalili, mu ma ba mu ƙi su ba. Titin da motoci suka toshe, motar kashe gobara ba za ta wuce ba, kowa kuwa ya san irin ɓarnar da wuta ta sha yi a kasuwannin Kano.

To, mece ce mafita ga baƙo? Shawararmu ta farko ita ce a daina ɗokin kai mota har bakin shago. Wanda ya biyo ta Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo zai shiga Kano ta Rijiyar Zaki da Kabuga. Wanda ya biyo ta Jibiya da Katsina zai shigo ta Dawanau da Kurna. Tun daga waɗannan unguwanni ya kamata a nemi amintaccen wuri a ajiye motar, a hau A Daidaita Sahu zuwa Kantin Kwari ko Singa ko Ƙofar Wambai ko Kasuwar Sabon Gari. In an gama sayayya a sa 'yan dako ko mai kurkura su fito da kayan. Kuɗin da za a kashe a haka bai kai na man da za a ƙona cikin cunkoso ba, balle tara. Wannan dabara ko a Turai ita ake bi. Birnin Oxford na Ingila ya buɗe filin ajiye motoci a bakin gari tun 1973, inda baƙo ke barin motarsa ya shiga bas, Landan kuwa ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari da mota a 2003 don rage cunkoso.

Shawara ta biyu ita ce a yi shiri tun daga gida. Matambayi ba ya ɓata. Direbobin haya na tashoshinmu suna zuwa biranen nan kullum, sun san inda ake tsayawa da inda ake kamu, tambayarsu kuwa kyauta ce. Wanda yake da ɗan'uwa ko aboki a birni ya buga masa waya tun jiya, gama ƙofar gidan da aka san ka ita ce wurin ajiye mota mafi araha kuma mafi aminci. Mai zuwa asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano, ya tambayi masu gadi a bakin ƙofa inda aka keɓe wa masu jinya, ya kuma faɗa musu in motar za ta kwana.

A nan muna da magana da ikilisiyoyinmu na birni. Yawancinsu suna da haraba mai katanga da maigadi, wadda ke zama fili daga Litinin zuwa Asabar. Ba abin wuya ba ne dattawan ikilisiya su yi tsari, ɗan'uwan da ya zo daga ƙauye da takarda daga fastonsa, ko aka yi waya a kansa, a bar shi ya ajiye motarsa na yini ɗaya. Shi kuma baƙon kada ya ji haushi in an buɗe but an duba, an rubuta sunansa da lambar motarsa, gama abin da ya faru a baya ya isa dalili. Ya kiyaye lokacin da ya ce zai dawo, kada ya mai da harabar tashar lodi, ya kuma tuna da maigadin da ya yini yana duba masa dukiya.

Shawara ta uku ta shafi wuraren biya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kangon da babu kowa, da lungun da babu fitila, kyauta ne, amma ɓarawo ma ya san da haka. Gara a biya 'yan ɗaruruwan naira a tashar mota, ko a fili mai ƙofa da maigadi, da a biya dubbai a wurin masu sayar da kayan gyara. Sai dai a yi ciniki kafin a kashe mota, a tambaya kuɗin na awa ne ko na yini, a karɓi rasit ko katin shaida. Kada a bar jaka ko waya ko takardun mota a kan kujera. Masu karɓar kuɗin kuma muna tuna musu cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin gadi ya yi gadi. Samarin da ke tare gefen titin gwamnati suna karɓar kuɗi da barazana, su ɓace da zarar mai mota ya ba da baya, wannan ƙwace ne, ya kamata hukuma ta hana.

In kuwa tsautsayi ya sa an kama mutum, to, ya yi haƙuri ya bi doka. Kada ya yi faɗa da ma'aikaci, kada kuma ya miƙa na goro a ɓoye. Cin hanci laifi ne ga mai bayarwa da mai karɓa, kuma kowace naira da aka miƙa a bayan mota tana ƙara wa mai kamun ƙarfin gwiwar tare na baya. A nemi a rubuta laifin, a biya inda doka ta ce, a karɓi rasit. Hanya mafi sauƙi ta guje wa wulaƙanci ita ce lasin tuƙi da inshora da sauran takardu su zama cikakku kafin a bar gida, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma nauyin ba a kan baƙo kaɗai yake ba. Gwamnatin da ke cin tara a kan tsayawa ba daidai ba, wajibi ne ta nuna inda za a tsaya daidai. Muna kira ga gwamnatocin Kano da Kaduna da Sakkwato da Katsina da Zamfara su keɓe filayen ajiye motoci a manyan mashigan birane da kusa da kasuwanni, su rubuta farashin a allo kowa ya gani. A kafa alamun hani da Hausa da Turanci a inda ido zai kai. A buga jerin laifuffuka da tarar kowanne, a riƙa karantawa a rediyo. Motar da ke ɗauke da maras lafiya a yi mata sassauci, wadda aka ja kuma a sake ta da zarar an biya, ba tare da a ce sai gobe ba. Kada kuma a ba da izinin gina babban kanti ko rukunin shaguna sai da wurin ajiye motoci a cikin zanen ginin.

Abin da ya faru a Abuja ya isa darasi. An fara karɓar kuɗin ajiye mota a gefen titunan birnin ta hannun kamfanoni, ana kulle tayoyi ana jan motoci, har wata Babbar Kotun birnin ta yanke hukunci a 2014 cewa tsarin ba shi da dokar da ta kafa shi. Da aka sake farfaɗo da shi, Ministan birnin, Nyesom Wike, ya soke shi a 2024. Duk tsarin da aka gina don tara kuɗi kawai, ba tare da doka bayyananniya da amfanin da jama'a ke gani ba, ƙarshensa rigima.

Daga ƙarshe, mu duba gida. Abin da muke kuka da shi a Kano muna yin irinsa a garuruwanmu. Ranar kasuwar Shinkafi, ko a bakin kasuwar Ƙaura, ko a tsakiyar Zurmi, manyan motoci da ƙanana suna tsayawa inda suka ga dama, baƙon da ya zo daga Sakkwato ko daga Nijar yana shan irin wahalar da muke sha a garin wasu. Gusau kanta, tun da ta zama babban birnin jiha a 1996, tana ta cika tana batsewa. Tun filaye ba su ƙare ba, ya kamata ƙananan hukumomi da sarakuna da ƙungiyar direbobi su zauna su keɓe wuraren tsayawa masu tsaro, kada a rabar da su a gina shaguna. Wanda yake so a karɓe shi da mutunci a garin wani, sai ya fara tanadar wa nasa baƙon inda zai sauka.