ZAGAYA DUNIYA: Kabarin Wazirin da Aka Kankare Siffarsa

Galibin baƙin da ke zuwa Luksor, can kudancin Masar, da sun ƙetare Kogin Nilu zuwa gaɓar yamma sai su zarce Kwarin Sarakuna, don kowa so yake a ce ya ga kabarin Tutankamun. Kaɗan ne ke ratsewa su hau tudun Shaikh Abdul Ƙurna, inda aka sassaƙa wa hakimai da fadawa nasu ɗakunan cikin dutse. Alhali kuwa mai son sanin yadda aka tafiyar da mulkin Fir'aunoni, nan ya kamata ya fara, a kabari mai lamba 100, na Waziri Rekmire.

Shi wannan bawan sarki ya riƙe wazirci a ƙarshen zamanin Tutmos na Uku, wanda ya mutu wajen shekara ta 1425 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma taɓa farkon zamanin ɗansa Amenhotep na Biyu. Ba shigege ba ne a sarautar, gama kakansa ya yi wazirci, haka ma ɗan'uwan mahaifinsa.

Da shiga, baƙo zai sami kansa a wani zaure mai faɗi hagu da dama. A bango ga jerin baƙin ƙasashe ɗauke da gaisuwar sarki, sahu bisa sahu. Mutanen Punt sun kawo itatuwan turare, na tsibirin Kirit sun kawo tuluna masu ado, na Sham sun jawo dawaki da wata 'yar giwa. Sahun Nubiya, watau kudancin Masar da arewacin Sudan na yau, shi ya fi tsai da mai kallo: ga zinariya, ga hauren giwa, ga fatun damisa, ga kuma raƙumin dawa an ɗaura masa igiya a ƙafafu, wani biri na hawan wuyansa kamar ya sami bishiya. Wanda ya zana birin nan, ko shakka babu, mutum ne mai raha.

Amma abin da ya ɗaukaka kabarin a wurin masana shi ne doguwar rubutacciyar wasiyyar da ke zauren, wadda Fir'auna ke yi wa waziri ran naɗinsa. Ba a ɓoye masa ba cewa sarautar ɗaci gare ta. An hore shi da ya daidaita sananne da baƙo a gaban shari'a, kada ya kori mai ƙara bai saurare shi ba, in kuwa zai hana shi abin da ya nema, to, ya gaya masa dalili. Har an ba shi labarin wani tsohon waziri, Keti, wanda ya riƙa danne hakkin danginsa don gudun kada a ce yana son kai, aka ce wannan ma ƙetare iyaka ne. Kusa da ita ga tsarin aikin ofis dalla-dalla. Ƙarar gona, in gonar tana kusa da birni, kwana 3 aka yanka mata. In tana nesa, wata 2. Shekaru fiye da 3,400 ke nan da aka san cewa jan shari'a ma zalunci ne, aka sa masa wa'adi.

Daga zauren sai wani dogon lungu ya miƙe cikin dutse, kimanin mita 30, rufinsa yana ta yin sama, daga wajen mita 3 a baki har mita 8 a ƙurya. Nan ne talakawa suke. Ga masu kwaɓa ƙasa suna buga tubali, ga dukawa, ga masassaƙa, ga masu tufka igiya. Ga maƙera suna narkar da tagulla don zuba ƙofofin ɗakin bautar Amun, suna taka zugazugai da ƙafa, suna ɗago su da igiya. Duk ƙarƙashin kulawar waziri suke, don haka aka zana shi tsaye yana duba su.

Sai dai a wurare da dama mai ziyara zai tarar da gurbi kawai inda siffar Rekmire take. An bi ta da kurfi an kankare, da gangan, tun zamanin da. Ga Misirawan wancan lokaci wannan hukunci ne mai tsanani ƙwarai, don sun ɗauka wanda aka shafe wa suna da siffa an yanke masa rabo a lahira. Ba a kuma sami ramin binne gawa a kabarin ba. Saboda haka masana da yawa ke ganin waziri ya faɗi daga idon sabon sarki, bai kwanta a ɗakin da ya ɓata shekaru yana ƙawatawa ba.

Daga baya mutanen ƙauye sun zauna ciki, hayaƙin murhunsu ya dusashe wasu zane-zanen, kafin Bature Norman de Garis Davies ya kwafe su daki-daki, aka buga aikinsa a 1943. A can ƙuryar lungun, sama ƙwarai, akwai wata alkuki da aka fafe don mutum-mutumin waziri, babu kome cikinta. Masu buga tubali kuwa suna nan a bangonsu, ɗaya ya sunkuya yana ɗiban ruwa a tafki da tulu.