Bazara a Gindin Dutse, Hunturu a Kansa

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Sikotilan, mu ga yadda masu sha'awar hawan duwatsu ke yin wuni guda a kan Ben Nevis, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Birtaniya, watau mita 1,345.

Bazararsu ba irin tamu ba ce. Daga Maris zuwa Mayu sanyi kan ja da baya, yini ya yi tsawo, ciyawa ta tofo a garin Fort William da ke gindin dutsen. To, a nan ruɗin yake. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6, saboda haka wanda ya fito da 'yar shara sai ya iske hunturu na jiransa a sama. Masanan da suka zauna a ƙololuwar suna awon yanayi daga 1883 zuwa 1904 sun tarar matsakaicin zafin shekara a can bai ko kai sifiri ba.

Gwanaye sukan fara da dutsen Carn Mor Dearg, mai mita 1,220, sa'an nan su bi wani siririn doro, rami dama rami hagu, har Ben Nevis. Zuwa da komowa wajen awa goma ne. Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne, domin saukowa ma da nata haɗarin. Iska kan tara dusar ƙanƙara ta yi rumfa a bakin ramukan arewa, mutum ya zaci ƙasa ce, alhali ba kome a ƙarƙashinta. In hazo ya rufe, ba madogara sai kamfas: digiri 231 har mita 150 daga alamar ƙololuwa, sa'an nan 282. Wanda ya karkace hagu yana iya faɗawa kwazazzabon Five Finger Gully, inda rayuka suka salwanta.

Abin lura shi ne, masu ceto na yankin Lochaber 'yan sa kai ne, masu barin iyalinsu cikin dare su tafi neman wanda ya ɓata. Ashe mai taurin kai ba ransa kaɗai ya sa a caca ba. Don haka muna jan hankalin duk wanda karatu ko kwas ko fatauci ya kai can: ya bincika yanayi, ya bi wanda ya san hanya, ya yanke lokacin juyawa tun yana ƙasa, in ya cika kuwa ya juya ko da ƙololuwa na gabansa. An ba mu rai amana ne. Dutse kuwa yana nan gobe.

Allah Ya kiyashe mu, amin.